Kawu Ba Baffa Ba Ne: Nauyin da ke Cikin Sunayen Dangi a Hausa

Sunayen dangi a Hausa ba su tsaya ga nuna wanda ya haifi wani ba. Kowane suna yana tafe da umarni: wannan a ji kunyarsa, wannan a yi masa wasa, wancan a yi hattara da shi. Wannan maƙala na da'awar cewa tsarin sunayen tsari ne na haƙƙi da ɗabi'a, kuma idan sunaye biyu suka narke suka koma ɗaya, akwai haƙƙin da ke salwanta a tsakani.

A fara da 'yan'uwa da 'yan uba. A gidan da mata suke biyu ko uku, yaran duk na mutum ɗaya ne, amma harshe ya raba su ɗaki-ɗaki. Daga uwa aka samo 'yan'uwantaka, wadda ta faɗaɗa har ta game maƙwabci da abokin addini, shi ya sa mai wa'azi kan buɗe baki da "ya ku 'yan'uwa". Daga uba kuwa aka samo 'yan ubanci, wato gasa da ƙyashin da kan taso wajen rabon gado ko neman sarauta. Harshen ya adana abin da Bahaushe ya lura da shi cewa kishin iyaye mata yakan gangaro kan 'ya'ya.

Bambancin baffa da kawu ya fi wannan nauyi, domin ya shiga shari'a. Baffa, ɗan'uwan uba, uba ne a zaune. Shi ake aika wa masu neman aure, sau da yawa shi ke karɓar sadaki ranar ɗaurin aure ko da mahaifin yarinya na zaune a gefe. A fiƙihun Malikiyya yana cikin asaba, yana iya cin gado, yana iya zama waliyyi. Kawu, ɗan'uwan uwa, ba ya cikin asaba, amma gidansa ne mafakar yaron da ya yi laifi, kuma shi ake turawa ya ba uba haƙuri. Haka gwaggo, 'yar'uwar uba, take da bakin magana a kan tarbiyyar amarya, ita kuwa inna, 'yar'uwar uwa, tana tsayawa a matsayin uwa.

Wannan rabo ne ya haifar da taubasantaka. 'Ya'yan wa da ƙane kamar ciki ɗaya suke, akwai girma da ladabi a tsakaninsu. Amma ɗan mace da ɗan namiji taubasai ne: su yi wa juna ba'a a gaban jama'a, ɗaya ya kira ɗaya bawansa, idan watan cika-ciki ya kama a bi juna kuɗin shara, ba mai fushi. Kaka ma takan kira jikanta "mijina", ta ce ya kawo kuɗin cefane, alhali uwar yaron, in ɗan fari ne, ko sunansa ba ta iya faɗa saboda alkunya. Wannan wasa ya fita daga gida ya haɗa al'ummu, kamar Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun duniya da ake gado.

Dangantakar da ba ta jini ba ita ma da sunayen gida aka gina ta. Ubangida da uwar ɗaki, ƙanwar rana da ɗan riƙo, duk sun aro nauyinsu daga uba da uwa da ƙanwa. Tarihin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta ɗauka a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, ya nuna matar da ba ta haihu ba, amma riƙo da ƙawance suka tara mata 'ya'ya da dangi.

A birane yanzu yara da yawa "anti" suke kiran gwaggo da inna da matar wa da malamar makaranta baki ɗaya. Wani zai ce ai aro ba sabon abu ba ne, kuma yana da hujja: kawu da gwaggo da baffa kansu daga Fulatanci suka shigo, har kawu ya danne rafani a wurare da dama. Sai dai waɗancan kalmomi sun shigo ne suka tsare bambancin ɓangaren uwa da na uba, "anti" kuwa shafe shi take yi. Yaron da bai san wace ce gwaggonsa ba, ba zai san ɗanta taubashinsa ne ba, balle ya san dalilin da ya sa baffa ke da ta cewa a aurensa.

Don haka bai wadatar a jera waɗannan sunaye a darasin Hausa na firamare kamar jerin sunayen tsuntsaye ba. Kamata ya yi a koyar da kowanne tare da haƙƙinsa: wa ke ba da aure, wa ke cin gado, wa ake wa wasa. Masu nazarin harshe kuma aikin da ke gabansu shi ne tattara yadda Kano da Sakkwato da Damagaram da zangunan Kumasi ke amfani da su, tun tsofaffin da suka san bambancin suna raye.