Tsufa da Tazara: Dattawanmu Bayan Rushe Tsohon Zangon Lome



Kakanninmu fatake ne. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 da yawansu suka gangaro ta Kete-Karaci har bakin teku, daidai lokacin da Jamusawa suka mai da Lome babban birninsu a 1897. Da goro da shanu suka kafa Zango, kuma suka gina shi bisa tsarin gida: zaure a bakin hanya, masallaci kusa, maigida da baƙinsa da yaransa duk cikin katanga guda.

A wannan tsari tsoho yakan tsufa bai zama kaya ba. Wanda idonsa ya tafi ya san hanyar masallaci da tafin ƙafarsa. Ya san inda kwata take, ya san muryar mai koko da ke kan kwana. Wanda gwiwa ta ƙi, shimfiɗa ake yi masa a zaure, a nan yake sulhunta masu ciniki, a nan yara ke kawo masa allo. Tsohuwar da ta daina fita tana da farantin ƙuli-ƙuli da jika ke kai mata talla, kuɗin goronta na hannunta, ba ta jiran kowa. Shari'a ma ta sauƙaƙa musu: duk wanda ya karanta Ahalari ya san cewa mai uzuri yana salla a zaune, yana taimama idan ruwa zai cutar da shi.

A 1977 hukuma ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar gari, aka ba jama'a fili a wajen Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da birni. Wasu suka tafi can, wasu suka watsu cikin unguwanni suna haya. Yawanci idan ana ba da wannan labari, asarar gidaje da kasuwanci ake lissafawa. A ganinmu asarar tsofaffi ta fi zafi, domin ba a sāke koyon hanya a shekara tamanin. Makahon da jiya yake kai kansa sahu ya wayi gari sai da ɗan jagora. Jikinsa bai canja ba ko kaɗan. Ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarsa aka canja.

Mu da muke Tokoin har yanzu cikin wannan hali muke. Asibitin koyarwa na Sylvanus Olympio yana kusa da mu, akwai cibiyar ƙasa mai haɗa ƙafar roba da sandunan dogarawa a Lome, kuma Togo ta kafa dokar kare naƙasassu a 2004. Duk alheri ne. Sai dai keken guragu ba ya tafiya cikin yashi, dattijo mai rawar jiki kuma ba ya hawa zemijan. Gidan haya ba shi da zaure. Makewayi ɗaya ne ga iyalai da dama, na tsugunne, a ƙarshen tsakar gida. Mun san dattawan da suke rage shan ruwa tun la'asar don kada su ta da kowa da dare, alhali kujera mai rami da ƙarfen riƙewa a bango ba su kai kuɗin ɗinkin salla ɗaya ba.