Red Special: Jitar da Brian May da babansa suka haɗa da hannu, da abin da mai son haɗa tasa ya kamata ya sani

Tun ranar da na yi maganar fim ɗin Bohemian Rhapsody na 2018, wanda ya ba da tarihin ƙungiyar mawaƙan Queen ta Ingila, tambaya ɗaya ake ta maimaita mini: wai da gaske ne jar jitar nan da mai tulin gashin nan yake kaɗawa, a gida aka yi ta? Wasu kuma, musamman yaranmu na situdiyo, cewa suke yi in dai haka ne su ma za su nemi katako su gwada. To da gaske ne. Ni ma kuma na taɓa gwadawa, na yi asarar katako da kuɗi da kusan wata huɗu, shi ya sa na ga gara in tattara abin a wuri guda.

Sunan jitar Red Special. Brian May, wanda aka haifa a 1947, shi da mahaifinsa Harold May suka fara aikinta a watan Agustan 1963, a gidansu da ke Feltham a yammacin Landan, suka ɗauki kusan shekara biyu. Dalilin bai wuce rashin kuɗi ba. Yaro ɗan shekara 16 yana son Fender, gidan kuma ba su da halin saya. Uban injiniyan kayan lantarki ne, mai hannu da haƙuri. Abin da suka kashe duka bai wuce fam 8 ba. Jitar nan ita ce a hannun Brian a bikin Live Aid na filin Wembley a 1985, ita ce kuma ya hau rufin fadar Buckingham da ita a 2002 ya kaɗa taken ƙasarsu. In ka cire 'yan waƙoƙi kaɗan, duk sautin jitar lantarki da ka ji a faya-fayen Queen nata ne.

Kafin mu yi nisa, bari in gyara wani kuskure da na sha ji. Jitar lantarki irin wannan ba a jona ta da wutar NEPA. Babu wuta a jikinta. Tsirkiyoyinta na ƙarfe ne, a ƙarƙashinsu akwai wani abu da ake kira fikof (ba motar a-kori-kura ba fa), wato maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiya ta girgiza a kansa, sai a samu wata 'yar wuta mai rauni ƙwarai, ita ce ke bin waya zuwa amfilifaya ta zama sauti. Shi ya sa in ka ɗaura mata tsirkiyar roba ba za ka ji komai a lasifika ba.

Wuya, nan ne aikin yake

Mai kallo jikin jita yake gani, launi da ƙyalli. Amma mai haɗawa ya san wuya ne ke yanke hukunci. Wuyan Red Special daga katakon mahogani aka sassaƙa shi, na jikin wani tsohon murhun ɗumama ɗaki da ya haura shekara 100, wanda aka yi niyyar zubarwa. Har tsutsa ta riga ta huda shi, Brian ya toshe ramukan da tsinken ashana. Mutane kan ba da wannan labari kamar abin dariya, alhali nan sirrin yake. Katakon da ya shekara ɗari a kusa da wuta ya gama bushewa, ya gama duk wata murɗewa da zai yi. Ba zai sake ba ka mamaki ba.

Ni nawa ya ba ni mamaki. Na sayi katako a kasuwa ƙarshen damina, mai sayarwa ya rantse mini ya bushe. Muka sassaƙa shi da wani kafinta abokina, ya miƙe sambal. Hunturu na shigowa sai ya lanƙwashe, ya kuma tsuke har bakin ƙarafan da ke kansa suka fito suna yankar hannu. Masu wannan sana'a suna son katakon da danshinsa bai wuce kashi 6 zuwa 8 cikin ɗari ba. In ba ka da na'urar awo, nemi tsohon katako: ƙafar tsohon gado, tsohuwar ƙyaure, tsohon tebur. Madacinmu ma ɗan gidan mahogani ne, kuma danginsa na kurmin Afirka ta Yamma kamfanonin jita suna amfani da su sosai.

A cikin wuyan dole a binne sandar ƙarfe mai noti a ƙarshe. Tsirkiya shida idan aka ɗaure su suna jan wuya da nauyin da ya kai kilo 40 ko fiye, dare da rana. Sandar nan ce ke ja da baya, da ita kuma ake gyara wuyan in yanayi ya canza. Su Brian da kansu suka lanƙwasa tasu. Kai dai saya, ba ta da tsada, kuma in ta lalace bayan ka liƙe katako a kanta, aikin ya koma farko.

Sai lissafi. Tsawon tsirkiya daga inda ta tashi a kan wuya zuwa jaki, wato abin da take hawa a jikin jitar kamar dai jakin garaya, shi ne ma'aunin da komai ke bi. Na Fender Stratocaster inci 25.5 ne, wato milimita 648. Na Gibson Les Paul inci 24.75. Na Red Special gajere ne, inci 24, milimita 609.6, shi ya sa tsirkiyarta ke da laushin lanƙwasawa. A kan wuyan akwai ƙananan ƙarafa a gicciye, firet, ita tana da 24, abin da ba a saba gani ba a wancan zamani.

Ga yadda ake gano wurin kowanne. Ka raba tsawon tsirkiya da 17.817, abin da ya fita shi ne nisan firet na farko. Ka cire shi daga tsawon, ka sake raba abin da ya rage da 17.817, ka samu na biyu, haka har ƙarshe. A ma'aunin Red Special, na farko zai faɗo a milimita 34.2, na 5 a 152.9, na 7 a 202.7, na 12 a 304.8 wato tsakiya cif, na 24 kuma a 457.2. In na 12 bai faɗo a rabi ba, ka yi kuskure a wani wuri, kada ka ɗauki zarto.

A nan na yi ɓarnata ta biyu. Da tef ɗin tela na yi awo, kuma kowane firet daga na gabansa nake aunawa. Rabin milimita nan, rabin milimita can, kafin in kai tsakiyar wuya kuskuren ya taru. Jitar in ka kaɗa ta a sake, lafiya lau. Kana danna yatsa a sama sai ka ji kamar ana zagin kunnenka. Kowane awo daga tushe ɗaya ake yin sa, da rula ta ƙarfe, da fensir mai tsini ko bakin wuƙa. Can sama tsakanin firet na 23 da na 24 milimita 9 ne kacal, ka ga babu wurin wasa. Shi ma jaki akan ja shi baya kaɗan da milimita biyu ko uku, ɓangaren tsirkiyoyi masu kauri ya fi ja, domin danna tsirkiya na ƙara mata tauri.

Jiki da ƙarafa

Jikin bai kai wuya wahala ba. Na Red Special tsakiyarsa itacen oak ne daga wani tsohon tebur, kewayen kuma katakon haɗi ne mai araha, aka rufe shi da siririn fallen mahogani sama da ƙasa. Sun bar ramuka a ciki da gangan, don Brian yana son jitar ta riƙa amsa sautin lasifika ta ja nota ɗaya ta daɗe, abin da sauran masu haɗa jita a lokacin suke gudu. Farin layin da ya zagaye gefenta robar bakin kanta ce. Fararen ɗigon da ke kan wuya kuwa maɓallan riga ne daga akwatin ɗinkin mahaifiyarsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne hannun nan da ake dannawa sauti ya yi ƙasa ya dawo. A jitoci da yawa, kana taɓa shi tsirkiya ta saki, sai an sake saiti. Su sai suka sa farantin da ke riƙe tsirkiyoyi ya riƙa lilo a kan kaifin ƙarfe mai tauri, suka tokare shi da sifirin bawul guda biyu na tsohon babur. A kan jakin kuma suka sa wa kowace tsirkiya ɗan ƙaramin gare da take birgima a kai, don kada ta maƙale. Shi kansa hannun daga ƙarfen riƙe jakar keke aka yi shi, aka sa masa kan tsinken saƙa a baki. Shawarata dai, a jitarka ta farko manta da wannan hannu. Sa jaki kafaffe, ka huta.

Fikof uku ne a jikinta. Da farko Brian da kansa ya naɗa nasa, amma suna yin wata ƙara in ya lanƙwasa tsirkiya, sai ya haƙura ya sayi na kamfanin Burns masu suna Tri-Sonic, ya cika cikinsu da gam ɗin Araldite don kada su yi kuka. Wannan ya ishe ka darasi: wanda ya sassaƙa komai ma a nan sai da ya saya. Wayar da ake naɗawa siririya ce kamar gashi, fikof ɗin Stratocaster ɗaya na cin naɗi kusan 8,000, in ta tsinke a tsakiya ka koma farko. Makunnai shida ya sa: uku na kunnawa da kashe kowane fikof, uku na juya fuskar wutarsa. Kuma a jere ya jona su, wutar wannan na bi ta cikin wancan, saɓanin Stratocaster, shi ya sa muryarta ta fi kauri. Wannan siririn kuka mai tsini na tsakiyar waƙar Bohemian Rhapsody, fikof na wuya ne da na tsakiya aka juya wa fuska. Ba ya kuma kaɗawa da 'yar robar da kowa ke amfani da ita, da sisi yake kaɗawa. E, sisin kwabo na da, wanda kakanninmu suka kashe.

Magana ɗaya kan waya wadda ba ta wasa ba ce. Dole jaki da duk ƙarafan jitar su haɗu da wayar ƙasa, in ba haka ba za ka ji wani gurnani ba ƙaƙƙautawa. Amma hakan na nufin hannunka a haɗe yake da jikin amfilifaya. In amfilifayar ko makirufo na da matsala kuma soket ɗin ba shi da wayar ƙasa, kai ne hanyar wuta. Les Harvey na ƙungiyar Stone the Crows haka ya mutu a kan dandamali a Swansea a 1972, makirufo ya taɓa. Ku da kuka san yadda ake jona waya a wuraren biki da janareta, ku kiyaye.

Fenti da ƙyalli

Jan launin Red Special rini ne aka shafa wa katakon, sannan aka bi shi da wani ruwan ƙyalli mai suna Rustin's Plastic Coating, shafi a kan shafi, ana gogewa a tsakani. Bai ɓoye zanen itacen ba, in ka duba hoto na kusa za ka gan shi.

Wannan mataki ba ƙwarewa yake ci ba kamar haƙuri. Za ka bi katakon da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, lamba 80, 120, 220, har 320, kana bin tsawon itacen, ba a gicciye ba. Duk ƙarzanen da ka bari, fenti ba zai rufe shi ba, tona shi zai yi. Mahogani na da ƙananan ƙofofi a fatarsa, sai an cike su tukuna, in ba haka ba ƙyallin zai fito kamar ɓawon lemo. Shafi siriri sau da yawa ya fi mai kauri sau biyu. In irin fentin da tsofaffin Fender da Gibson suke da shi ne, naitiro, bayan shafin ƙarshe sai ka rataye jitar mako uku zuwa huɗu ba ka taɓa ba, sannan ka goge da samfefar ruwa daga 800 zuwa 2000, ka bi da folish. Ni kwana biyar na iya jira. Na kwantar da ita a kan tawul, da safe na tarar da zanen tawul ɗin a bayanta, ga ƙurar hunturu ta zauna a gaba. Ka yi feshi a wuri mai iska amma ba ƙura, ka rufe hanci, ka nisanci wuta, domin tururinsa na kamawa.

Ita kanta Red Special ba ta tsira daga tsufa ba. A 1998 wani mai haɗa jita ɗan Ostareliya, Greg Fryer, ya yi mata babban gyara, ya liƙe inda fallen ya ɗago, ya sabunta ƙyallin.

Masu cewa wannan sai Turawa, ku leƙa Nijar. Mdou Moctar, Buzun nan mai kaɗa jita da hannun hagu, jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da katako da wayar birkin keke. Ba ta lantarki ba ce, amma a kanta ya koya. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin gyaran muryar nan na waƙoƙin finafinanmu, kuma shi ne jarumin fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai na 2015 da aka ɗauka a Agadas.

In za ka fara, ga abin da zan yi da a ce yau ne farkona: in nemi matacciyar jita mai arha wadda wuyanta ke da lafiya, in cire wuyan da fikof da maɗauran tsirkiya, in auna daga tushe zuwa firet na 12 in ninka biyu don in san inda jaki zai zauna, sannan in sassaƙa jiki kawai. Wuya sai a ta biyu. Tawa ta farko tana nan rataye a ɗaki da zanen tawul ɗinta, katakon ta biyun kuma, ƙafar wani tsohon gado ne na gidanmu, yana ƙarƙashin gadona tun bara, ina jiran ya ga hunturu ɗaya tukuna.