Kaye da Riƙo a Karetin Okinawa: Nazarin Rubuce-rubucen Malaman Farko, 1908 zuwa 1938

Tsakure

A yau an ɗauki kareti a matsayin wasan naushi da harbi da ƙafa, an bar kaye da riƙo ga judo. Wannan maƙala ta bi abin da malaman Okinawa suka rubuta da hannunsu domin tantance matsayin kaye, murɗe gaɓa da riƙo a tsohon kareti. An gano cewa dabarun suna nan tun asali, amma a matsayin masu taimaka wa duka, kuma raguwarsu ta biyo bayan shigar da fasahar makarantu, da ƙaurarta zuwa Tokyo, da kafa gasa.

1.0 Gabatarwa

Kareti ya tsiro ne a masarautar Ryukyu, wadda Japan ta haɗiye a 1879 ta mayar da ita lardin Okinawa. Tsibirin ya daɗe yana hulɗa da kudancin ƙasar Sin, musamman yankin Fujian, inda aka samo wasu salon faɗa. Sai dai kafin ƙarni na 20 koyarwar ta baki ce, daga malami zuwa almajirai kaɗan. Saboda haka nazarin ya fi dogara ga wasiƙar malamin kareti Itosu Anko da littattafan da aka buga tsakanin 1922 da 1938.

2.0 Abin da rubuce-rubucen suka nuna

Tushe na farko shi ne tegumi, kokawar gargajiyar Okinawa. Funakoshi Gichin (1868–1957) ya ba da labarinta a tarihin rayuwarsa: yara kan kama juna, a yi ture, a yi kaye, a danne, har sai wanda aka fi ƙarfi ya nuna ya sallama. Wannan na nufin yaron da ya je gaban malamin kareti a wancan zamani ya riga ya san riƙo, ba sai an fara masa daga farko ba. Na biyu shi ne Bubishi, kundin da ya fito daga Sin wanda malamai kan kwafa da hannu, ɗauke da zane 48 na mutum biyu suna arangama, cikinsu har da ɗaga ƙafa a kayar da mutum. A wasiƙarsa ta 1908, Itosu ma ya ambaci torite, dabarun kamawa da murɗawa, ya nuna cewa da baki ake koyar da su.

Hujja mafi ƙarfi tana wurin Funakoshi kansa, mutumin da ake jingina wa karetin zamani. A littafinsa Karate-do Kyohan na 1935 ya kawo kaye iri tara, kamar byobu daoshi da koma nage da tani otoshi. Idan aka lura da yadda ya tsara su, kusan kowanne yakan fara ne da tare farmaki, sannan a kama, a kayar. Haka nan ya bayyana cewa hannun da ake janyewa zuwa ƙugu yayin naushi aikinsa kama hannun abokin karawa ne a fizgo shi. Dubban ɗalibai suna maimaita wannan motsi kullum da hannu wayam, da yawansu ba su san abin da ake fizgowa ba. Motobu Choki, wanda ya yi suna wajen faɗan gaske, ya nuna a littafinsa na 1926 ana gwabzawa kurkusa, hannu ɗaya na riƙe, ɗaya na duka.

3.0 Dalilan raguwa

A farkon shekarun 1900 Itosu ya shigar da kareti makarantun Okinawa. Malami ɗaya da ke gaban aji guda ba zai iya sa ido kan murɗe gwiwar hannu ba, sai aka fi karkata ga kata, jerin motsin da mutum ke yi shi kaɗai, domin motsa jiki.

Dalili na biyu ya fi nauyi. Lokacin da Funakoshi ya isa Tokyo a 1922, ya tarar da judo ya riga ya kafu, domin Kano Jigoro ya buɗe makarantar judo ta Kodokan tun 1882. Baƙon wasa daga lardin da ake wa kallon ƙauye ba zai yi gogayya da judo a fagen kaye ba. Abin da zai iya nunawa wanda ba a saba gani ba shi ne naushi da harbi, kuma shi ɗaliban jami'o'i suka runguma. Mabuni Kenwa, wanda ya kafa salon Shito-ryu, ya koka da haka a littafin da suka fitar da Nakasone Genwa a 1938, inda ya ce sashe ɗaya kawai na kareti ya isa Tokyo. Daga baya gasa ta ƙarasa aikin: ƙungiyar kareti ta Japan, JKA, ta shirya gasarta ta farko ta ƙasa a 1957, aka koma neman maki daga nesa.

4.0 Iyakar hujjar

Wasu masu koyarwa na yanzu sun wuce gona da iri, suna fassara kowane juyi a cikin kata da cewa kaye ne da aka ɓoye. Rubuce-rubucen ba su kai nan ba. Kaye tara ba su isa a kira su cikakken tsarin kokawa ba, kuma babu faɗan ƙasa mai tsawo irin na judo a waɗannan littattafai. Ana kuma bukatar rarrabewa: yawan kaye da murɗa a salon Wado-ryu ya zo ne ta hannun Otsuka Hironori, wanda ya ƙware a jujutsu na Shindo Yoshin-ryu kafin ya koyi kareti, don haka ba za a kafa hujja da shi kan tsohuwar Okinawa ba. Abin da za a iya tsayawa a kai shi ne malaman farko sun ɗauki kaye a matsayin hanyar samun damar duka. Dokokin hukumar kareti ta duniya (WKF) ma sun riƙe wannan fahimta, domin kaye kaɗai ba ya kawo maki, sai an bi shi da duka kan wanda ya faɗi, sannan a ba da maki uku.