Dinkinesh: ƙaramin dutsen sararin samaniya mai suna daga Habasha

Dinkinesh ɗaya ne daga cikin ɗimbin duwatsun da ke kewaya rana a wani faffaɗan zobe da ke tsakanin duniyar Mars da duniyar Jupita. Masana ilimin taurari sun ba shi lamba 152830. Faɗinsa bai kai kilomita ɗaya ba, domin yana tsakanin mita 700 da 800 ne, amma ya shahara saboda shi ne mafi ƙanƙanta a wannan zobe da wani kumbo ya taɓa kusanta.

Dutsen yana gefen zoben da ya fi kusa da rana. Matsakaicin nisansa daga rana ya kai kimanin kilomita miliyan 328, wato ya ɗan zarce ninki biyu na nisan da ke tsakanin duniyarmu da rana. Yana kammala zagaye ɗaya cikin shekara uku da kusan wata uku, yana kuma juyawa a kan kansa sau ɗaya cikin ƙasa da awa huɗu.

An fara hango shi ranar 4 ga Nuwamba, 1999, a ƙarƙashin shirin LINEAR, wanda ke da na'urorin hangen nesa kusa da garin Socorro a jihar New Mexico ta Amurka. Daga nan aka yi masa laƙabin wucin gadi, 1999 VD57. A bisa ƙa'ida, ba a ba dutse lamba ta dindindin sai an tabbatar da hanyar da yake bi, kuma suna yana zuwa ne bayan lamba. Duwatsu da yawa ba sa samun suna ko kaɗan. Shi ma wannan ya shafe fiye da shekara 23 babu suna.

Lamarin ya sauya a farkon 2023, lokacin da masu kula da kumbon Lucy na hukumar NASA, wanda aka harba ranar 16 ga Oktoba, 2021, suka zaɓe shi domin gwada na'urar da ke bin sawun dutse da kanta yayin da kumbo ke wucewa da gudu. A watan Fabrairu na shekarar, Ƙungiyar Masana Taurari ta Duniya ta amince da sunan Dinkinesh, kalmar Amharik mai ma'anar “ke abin al'ajabi ce”. Da wannan suna ne mutanen Habasha ke kiran Lucy, ƙasusuwan wata halitta mai kama da ɗan Adam da aka gano a Hadar a 1974, waɗanda masana suka ƙiyasta sun kai shekara miliyan 3.2. Sunan ƙasusuwan ne aka raɗa wa kumbon.

Ranar 1 ga Nuwamba, 2023, kumbon ya gifta Dinkinesh da tazarar kimanin kilomita 430. Hotunan da ya aiko sun nuna cewa dutsen yana da ɗan ƙaramin wata da ke kewaya shi a nisan kusan kilomita uku, wanda ya ƙunshi dunƙule biyu manne da juna. Ba a taɓa ganin irin wannan siffa ga watan wani dutse ba kafin lokacin. An sa masa suna Selam, wato zaman lafiya, sunan da aka ba ƙasusuwan wata ƙaramar yarinya da aka gano a Dikika, a ƙasar Habasha, a shekarar 2000.