Daga Ikon Allah zuwa shamuwar Zobe

Yaron da ya taso a Kurfi ko Dutsin-Ma yau, da wuya ya taɓa ganin zaki ido da ido. A littafi ya san shi, don haka duk yadda mai zane ya zana, haka zai zauna masa a kai.

Wannan aiki yana da tarihi a ƙasar Hausa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya. A 1949 kuma Rupert East da Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a Katsina, suka fitar da Ikon Allah, labarin halittu iri-iri da Hausa, haɗe da zane-zane. Lokacin babu talabijin balle intanet. Zanen nan shi ne idon ɗalibi.

To yau fa? Hotuna sun yi yawa, amma na dawan wasu ƙasashe ne. Shamuwa mai zuwa da damina, balbela a bayan shanu, kifin madatsar Zobe, wa ke zana su? Ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga Jami'ar Tarayya, duk a Dutsin-Ma. Masanin tsuntsaye da mai zane zama ɗaya kawai suke bukata. Yaron da bai san sunan tsuntsu ba, ranar da ya daina zuwa ma ba zai lura ba.