Ruwan Da Muka Tare, Su Wa Ke Jiran Sa?

Mu da ke Dambatta, Makoɗa da Kunci mun san daɗin madatsar ruwa. Dam ɗin Tomas da na Gari sun sa ko da rani tumatir da albasa ba sa yanke mana. Amma fa kogi ba ya ƙarewa a ƙofar gidan kowa, yau tarihin waɗanda ke can gangare zan ba ku.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala dam ɗin Tiga, sai na Challawa a 1992. Kogunan biyu su ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja, ya malala fadamun Haɗeja da Nguru, ya zarce ya zama Komadugu Yobe, wanda ya raba Najeriya da Nijar ta wajen Diffa kafin ya faɗa Tafkin Chadi.

Da can ruwa kan cika fadama da damina, ya janye da rani. Cikar nan ita ce shinkafa da kifi, janyewar kuma ita ce ciyawar dabbobi da noman wake. Da aka tare kogin, ambaliyar damina ta ragu, rani kuma ana ta sako ruwa kaɗan-kaɗan saboda noman rani da famfunan birnin Kano. Ƙasa ta daina bushewa. To, abin da ciyawar kacalla ke so ke nan! Ta toshe hanyoyin ruwa, wasu ƙauyuka suka nutse, wasu suka rasa ko na ban-ruwa. Tsuntsayen jan-baki kuma suka samu mafaka a cikinta, suna cinye gero da shinkafa. Mai surfe da mai suyar kifi, mata ne irinmu, su suka fara ji a tukunya.

Yarjejeniya kam an yi. A 1990 Najeriya da Nijar sun sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan kogunan da suka haɗa su bisa adalci. A 2006 kuma jihohi shida, har da Kano, suka kafa asusun kula da kogin. Ni dai a ganina takarda ba ta buɗe ƙofar dam. Masana sun daɗe suna cewa a saki ruwa da yawa da damina, a rage da rani, yadda kogin ya saba. Sai dai mai noman rani a Kadawa shi ma da rani yake buƙatarsa.