Daga Soba zuwa Masalma: Abin da Kiristocin Khartum Suka Fifita

Kiristocin Khartum da Omdurman sun gina majami'u sun rasa su, sun ga gwamnati mai ɗaure musu gindi, sun kuma ga mai tsangwamarsu. Idan aka duba waɗanda suka tsufa a kan imaninsu da waɗanda suka sake shi a hanya, za a tarar bambancin yana ga sanin abin da ake iya sallamawa idan wuya ta yi wuya, da abin da ba a sallamawa. Hujjar farko tana kwance a kufan Soba, a bakin Shuɗin Nilu, kudu maso gabas da Khartum. Nan ce hedikwatar daular Alwa ta Nubiya, wadda ta karɓi Kiristanci wajajen shekarar 580 a hannun Bishop Longinus. A ƙarni na 10 Ibn Sulaim al-Aswani ya bayyana ta a matsayin birni mai lambuna da majami'u cike da zinariya. Zuwa wajajen 1500 daular ta rushe. Wani fada ɗan Fotugal, Francisco Alvares, wanda ya zauna a Habasha daga 1520, ya ruwaito cewa mutanen Nubiya sun aiko suna roƙon a ba su limamai, sarkin Habasha bai ba su ba, domin shi ma daga Iskandariya ake turo masa babban limami. Al'ummar da ta shekara kusan ɗari tara tana ƙawata gini, amma ta dogara da baƙi wajen naɗa masu koyarwa, ranar da hanya ta toshe sai addinin ya bi tsofaffi zuwa kabari.

Mishan ɗin Katolika ya iso Khartum a 1848, kuma Daniel Comboni, wanda ya rasu a birnin ranar 10 ga Oktoba 1881, ya sa horar da 'yan Afirka a gaban komai, kamar ya karanci darasin Soba. Bai ga jarrabawar da ta biyo baya ba. Ranar 26 ga Janairu 1885 rundunar Mahadi ta ci Khartum, aka kwashe jama'a zuwa Omdurman, inda magajinsa Halifa Abdullahi ya yi mulki har 1898. Kibɗawa da Girkawa da Siriyawa da Yahudawa da suka tsira an sa su furta kalmar shahada, aka zaunar da su a unguwar da har yau ake kira Masalma. Sun sa jibba mai faci irin ta Ansar, mabiyan Mahadi, sun halarci salla a babban masallaci, wasu Kibɗawan kuma, irin su Yusuf Mikha'il wanda ya bar tarihin rayuwarsa a rubuce, sun yi wa daular aikin rubutu da lissafi. Suna da sutura da matsayi duk sun tafi. Abin da da yawansu suka ɓoye shi ne addu'ar cikin ɗaki da gaya wa 'ya'yansu ko su wane ne. Teresa Grigolini, shugabar sistocin da rundunar Mahadi ta kama a El Obeid a 1883, ta yarda a ɗaura mata aure da wani Bagirke domin kada a raba 'yan'uwanta mata ga mayaƙa. Auren da aka fara da sunan kariya ya zama na gaske, ta haihu, kuma lokacin da Fada Joseph Ohrwalder ya tsere zuwa Masar da sistoci biyu a 1891, ita ta zauna. Ta rasa rigar sista da alwashinta na zaman rashin aure, ta kuma mutu tana Kirista a Italiya a 1931.

Mai suka zai ce wannan ai tsoro ne aka yi wa ado, domin wanda ya musanta addininsa da baki ya riga ya faɗi. Maganar tana da nauyi, kuma cocin kanta ta yi jayayya a kai tun bayan tsanantawar Sarki Desiyus na Rum a shekarar 250, inda aka ƙare da buɗe ƙofar tuba ga waɗanda suka raunana. Mai karatu Musulmi ma ya san hukuncin wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse, daga labarin Ammar ɗan Yasir. Amma ma'aunin da ya fi gamsarwa shi ne abin da ya faru bayan yaƙin Karari, ranar 2 ga Satumba 1898, wanda ya kawo ƙarshen mulkin Halifa. Da tilas ta kau, iyalai da yawa sun koma coci da 'ya'yan da aka haifa a ƙarƙashin Halifa, wasu kuma suka zauna a Musulunci da zaɓinsu, suka ci gaba da maƙwabtaka da auratayya a unguwa ɗaya. Shekara goma sha uku sun isa a manta da addinin da ba a raya shi a gida ba. Ohrwalder kansa ya dawo Omdurman, a can ya rasu a 1913.

Suka ta biyu ita ce bindigar Kitchener, jagoran rundunar da ta yi nasara a Karari, ce ta dawo da cocin, don haka babu abin yabo. Gaskiya ne Turawan Ingila sun ba da tsaro da filaye, har aka buɗe katafaren cocin All Saints kusa da fadar gwamna a 1912. Sai dai su ɗin ne suka hana wa'azi a cikin Musulmin arewa, kamar yadda suka yi a masarautun Kano da Sakkwato, abin da ya tura mishan zuwa asibiti da makaranta, irin su Kwalejin Comboni ta 1929. Kuma inuwar Bature ba ta daɗe ba. Bayan 'yancin kai a 1956 an yi dokar taƙaita mishan a 1962, gwamnatin Numairi ta karɓe All Saints a 1971, daga baya aka mai da ginin gidan tarihi, sannan dokokin shari'a na Satumba 1983 suka zo. A wannan zamanin na matsi ne yawan Kiristocin birnin ya fi ƙaruwa, da 'yan gudun hijira daga kudu da duwatsun Nuba, masu sujada a rumfunan buhu da laka a sansanonin Jabarona da Mayo, waɗanda hukuma kan rushe su sake kafawa. Akbishop Gabriel Zubeir Wako ya zuba ƙarfin cocinsa a makarantun 'ya'yan sansanoni maimakon sabon gini, kuma a ganina wannan ne zaɓi mafi hikima da aka yi a tarihin nan gaba ɗaya.

Ba kowane zamani ne ke neman ɓuya ba. A 2014 Maryam Yahaya Ibrahim, da aka yanke wa hukuncin kisa kan ridda, ta ƙi janye maganarta, ta haihu a kurkukun mata na Omdurman kafin kotun ɗaukaka ƙara ta sake ta. An soke dokar riddar a 2020. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya warwatsa mazauna biranen biyu, Musulmi da Kirista, kuma a watan Mayu na shekarar 'yan bindiga sun afka wa cocin Mar Girgis da ke Masalma suka raunata masu ibada.